Abin da ke gudana kafin main: tarihin umarnin tayarwa da matsayin haruffan Hausa

1. Gabatarwa

Lokacin da muke shirya kalmomin da muka tattaro a gundumomin Madawa, Buza da Keita, cikin jihar Tawa, mun yi amfani da wata ƴar manhaja da wani ɗalibi ya rubuta da harshen C domin jera su bisa tsarin abacada. Sai muka tarar ƙafa ta koma bayan zuma, ɓawo da ɗaki na biye da ita, kuma na'urar ta ƙidaya haruffa 5 cikin ƙafa. Mun duba rubutun ɗalibin tun daga main, wato babban aikin da ake koya wa kowa cewa nan manhaja ke somawa, ba mu ga kure ba. Dalilin yana gaban main, a wurin da ɗalibin bai rubuta komi ba. Tarihin wannan wuri ne za mu bi a nan.

2. Asalin umarnin tayarwa

An soma tsarin Unix a 1969 a ɗakunan bincike na Bell, a Amurka, a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. Ritchie ya tsara harshen C wajen 1972, kuma a 1973 aka sake rubuta cibiyar Unix da shi. To, amma cibiyar ba ta san wani abu wai shi main ba. Aikinta shi ne ta loda manhaja cikin ma'adanar na'ura, ta ajiye mata kalmomin da mai aiki ya buga, sa'an nan ta miƙa ragama ga adireshin farko. Don haka aka buƙaci wani guntun umarni da zai tsaya tsakani: ya ɗauki kalmomin da adadinsu, ya kira main, in main ya gama ya sanar da cibiyar. Shi ne ake kira crt0, ko code de démarrage da Faransanci. A bugu na 6 na Unix, na 1975, layuka kaɗan ne cikin harshen injin PDP-11, kuma ana liƙa shi ga kowace manhaja ba tare da marubucinta ya nema ba.

Sannu a hankali kaya suka ƙaru. Bugu na 7, na 1979, ya kawo abin da ake kira muhalli: jerin bayanai game da mai aiki da ake miƙa wa manhaja tun kafin ta motsa. A tsarin Linux na yau, mashigar ita ce _start. Ita ke kiran wani aiki na laburaren C, wanda ke shirya laburaren, ya gudanar da ayyukan share fage, kafin a iso ga main.

3. Inda harshe ya shigo

Haruffan da Unix ta gada su ne na ASCII, wanda aka fara kafawa a 1963, mai lambobi 128. Babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a ciki, ko é ta Faransanci ma babu. A wannan zamani kuwa masana na daidaita rubutun harsunanmu, a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1978, duka a ƙarƙashin UNESCO. Ayyukan biyu sun tafi kowa da hanyarsa.

Ƙa'idar C ta 1989 ta ɗan buɗe ƙofa, domin ta kawo setlocale, aikin da ke zaɓen al'adar rubutun wata ƙasa. Amma ta kuma tanadi cewa kowace manhaja, a lokacin tayarwa, tana cikin al'adar da aka raɗa wa suna "C", inda harafi ɗaya bayit ɗaya ne (octet), jeri kuma bisa girman lamba. Ko da mai aiki ya bayyana harshensa cikin muhalli, bayanin zai iso ya zauna, ba mai kula shi, sai marubucin manhaja ya kira setlocale da kansa.

Unicode ta 1991 ta ba haruffanmu masu lanƙwasa lambobinsu, kuma a 1992 Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wadda ke rubuta kowanensu da bayit 2. Ga bayanin abin da muka gani: ƙ ta ci bayit 2, ƙafa ta zama 5, bayit na farko na ƙ lambarsa 198, na z kuwa 122, don haka ƙ ta faɗa bayan z. Kalmar na iya fitowa daidai a allo, shi ya sa kuren ke ɓuya. A wajen ƙidaya, jerawa da mayar da ƙ zuwa Ƙ ne yake bayyana.

4. Kammalawa

Nijar ta tabbatar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, har da ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y. Wannan doka ba ta isa ga umarnin tayarwa ba, wanda ke nan bisa zaɓen da aka yi a 1989 domin kada tsofaffin manhajoji su lalace. Ga mai nazarin harshe illar ba ƙarama ba ce: wanda ya gaji da ɓacewar ƙ sai ya buga k, kafa da ƙafa su haɗe, daki da ɗaki su haɗe, ƙididdigar sautukan Aderanci ta tashi a banza.

Shawararmu ga ɗalibai biyu ce. Duk manhajar C da za ta taɓa matanin Hausa, a sa ta kira setlocale a farkon main, ta kuma yi aiki da ayyukan da ke ƙidaya haruffa maimakon bayit. Sa'an nan, kafin a ba ta kundi, a gwada ta da kafa, ƙafa da zuma, a ga yadda za ta jera su.