Ƙaurar Madafa: Tarihin Ɗakin Girki a Gidajen Bene

Duk wanda ya taɓa kama haya a gidan bene irin na zamani, wanda aka karkasa sashe-sashe, kowane iyali da nasa, ya san irin ɗakin girkin da a ke samu a ciki. Ɗan tsukuku ne mai taga ɗaya, da kabad jere a jikin bango, famfo a nan, murhu a can. Mutane da yawa sun ɗauka gadon Turawa ne tun kaka da kakanni, alhali kuwa an san garin da aka fara shi, da shekarar, da wadda ta zana shi.

Cikin ƙarni na 19, sa'ad da masana'antu suka jawo mutanen ƙauye zuwa biranen Jamus, ma'aikaci da iyalinsa ba su da ɗakin girki na dabam. Ɗaki guda ne mai murhun kwal, a nan a ke dahuwa, a nan a ke ci da wanki, sau da yawa ma a nan waɗansu ke kwana. Da ya ke ƙasar sanyi ce, inda wuta ta ke nan kowa ke taruwa. Amma hayaƙi da tururi da cunkoso suka haɗu, tarin fuka ya sami wurin zama.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko ƙarancin gidaje ya tsananta. A 1925 hukumar birnin Frankfurt ta ɗora wa wani mai tsara gini, Ernst May, aikin gina wa ma'aikata dubban gidaje masu araha. Shi kuwa a 1926 ya gayyato Margarete Lihotzky daga Biyana, wadda aka fi sani da Schütte-Lihotzky bayan ta yi aure. An haife ta a 1897, tana kuwa cikin matan farko da suka koyi tsara gini a Ostiriya. Ita aka danƙa wa sha'anin ɗakin girki.

Dabararta daga Amurka ta samo asali. A 1911 Frederick Taylor ya wallafa littafi kan yadda za a tsara aikin masana'anta don kada ma'aikaci ya yi motsin banza. A 1913 Christine Frederick ta ɗauki wannan ra'ayi ta kai shi cikin aikin gida. Lihotzky ta bi sawunsu. Ta riƙa ƙidaya takun mai girki, tana auna lokacin kowane aiki da agogo. Ta kuma duba kicin na jirgin ƙasa, inda kuku ke ciyar da fasinjoji masu yawa daga wuri ƙanƙane.

Ɗakin da ta fitar faɗinsa mita 1.9 ne, tsawonsa mita 3.4, watau wajen ƙafa 6 da ƙafa 11. Akwai murhun gas, da wurin wanke-wanke, da teburin aiki a gindin taga, da kujera mai juyawa, da katakon guga da a ke naɗewa a jikin bango. Akwai kuma waɗansu 'yan akwatunan alminiyam masu mariƙi, kowane an rubuta masa abin da za a zuba, ko gari, ko shinkafa, ko sukari. Aka shafe katakon da fenti mai shuɗi-shuɗi, domin an yi zaton ƙuda ba ya son wannan launi. Daga 1926 zuwa 1930 an sa irin wannan ɗaki a gidaje kimanin 10,000.

To, abu biyu wannan aiki ya yi. Na farko, ya fitar da girki daga ɗakin da iyali ke zama, ya kai shi bayan ƙofa. Na biyu, ya kafe shi wuri guda. Dā murhu da tukwane kayan mai haya ne, in zai tashi ya kwashe. Yanzu kuwa sun zama jikin gini. A gidan bene a kan jera ɗakunan girki wani bisa wani, domin bututun ruwa da na gas da magudana ɗaya su wadace su duka. Wannan shi ne dalilin da ya sa har gobe sāke wa kicin wuri a bene ke da wuya. Ruwan famfo ana iya kai shi ko'ina, amma ruwan wanke-wanke sai da gangara ya ke tafiya, in kuwa aka yi nisa da babbar magudana ba a samun gangarar. Sa'an nan wanda ya kai kicin bisa ɗakin kwanan maƙwabcinsa na ƙasa, ranar da bututu ya yi yoyo sai shari'a.

Tun da wuri matan da aka yi dominsu suka fara kuka. Ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu, uwa ba ta ganin 'ya'yanta in tana aiki, su kuma yaran hannunsu na kai wa akwatunan gari. Duk da haka, bayan Yaƙi na Biyu tsarin ya bazu a Turai, domin yana da arahar gini. Sai cikin shekarun 1970 masu fafutukar haƙƙin mata suka ce an killace mace ita kaɗai, an ɓoye wahalarta. A 1982 Otl Aicher ya wallafa littafi yana kira a mayar da girki tsakiyar jama'a. Aka shiga rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo. Injin zuƙe hayaƙi da murhun lantarki sun rage abin da aka guda tun farko, saboda haka girki ya koma inda aka ɗauko shi.

Ƙasar Hausa ma ta karɓi wannan ɗaki, ta hanyar gidajen ma'aikatan gwamnati da benayen haya, harshen kuwa ya nuna inda aka sami saɓani. Kalmar madafa ginin ta ɗaya da maƙera da majema da makaranta, watau wurin da a ke yin aikin, ko da bango ko babu. A gidan gargajiya duwatsun murhu uku a tsakar gida sun isa, in damina ta zo a koma rumfa. Ana girkin ne a zaune ko a duƙe, cikin hira, wata na daka, wata na tankaɗe. Da ɗaki mai kabad ya zo, madafa ba ta dace da shi ba, sai aka aro masa kicin. Shi kuwa an auna shi ne da mace ɗaya, a tsaye, mai dafa wa miji da 'ya'ya kaɗan. Ba a bar wa turmi wuri ba, balle tukunyar suna. Don haka a ke ganin murhun gawayi a baranda, turmi kuwa a gindin bene.

Lihotzky ta rasu a shekara ta 2000, ɗakinta kuma ya shiga gidajen ajiye kayan tarihi a Landan da waɗansu birane. Abin da tarihinsa ke koya wa mai gyaran kicin shi ne, kafin a kira mai aikin famfo, a fara tambayar wa zai yi girkin, su nawa ne, me kuma za su dafa.