Takobin Samurai da Igwar Tanimun

A shekarar 2001 kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna Onimusha a kan na'urar PlayStation 2. A ƙarshen 2018 aka gyara hotunansa aka sake fitar da shi a kan sababbin na'urori irin su PlayStation 4 da Nintendo Switch, kuma ya isa sauran duniya a watan Janairu na 2019. Labarin wasan yana faruwa ne a 1560. Wani samurai, wato barde daga cikin masu ɗamara na tsohuwar Japan, mai suna Samanosuke, ya kutsa fadar Inabayama don ya ceto wata gimbiya daga hannun aljanun da suka ta da mayaƙin nan Oda Nobunaga daga mutuwa. Aljanun ƙage ne, amma Nobunaga mutum ne na tarihi. A cikin wasan akwai bindiga, sai dai an mai da ita kayan tsintuwa da ake ɗauka jefi-jefi. Aiki duka na takobi ne.

Tarihi kuwa bai ba takobi wannan matsayi ba. Turawan Fotugal sun kai bindiga tsibirin Tanegashima a 1543, kuma ba a daɗe ba maƙeran Japan suka iya ƙera ta. A yaƙin Nagashino na 1575, Nobunaga da abokinsa Tokugawa Ieyasu sun karya rundunar gidan Takeda, wadda ta yi suna da dawakai, ta hanyar jera 'yan bindiga a bayan shinge. Yawancin waɗannan 'yan bindiga dakaru ne talakawa marasa asalin sarauta. Mutumin da wasan ya kewaye da takubba, da albarushi ya gina mulkinsa.

Duk wanda ya san tarihin Damagaram zai ji wannan labari kamar na gida. An kafa daular a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Borno, kuma a zamanin Sarki Sulaimanu, a farkon ƙarni na 19, fada ta zauna a Zinder. Rundunarta ta farko irin ta sauran ƙasashen Hausa da Borno ce: barade a kan dawakai, 'yan lifidi da suke rufe kansu da dawakinsu da tufafin auduga mai kauri don kare kibiya, masu sulke da kwalkwali, sai 'yan baka da masu mashi a ƙasa. Doki da lifidi kayan tsada ne, saboda haka yaƙi a kan doki rabon sarakai ne da bayin fada na kusa da su.

Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884 bayan wani ɗan gajeren mulki da ya yi tun farko, shi ya sauya wannan tsari. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi masu yawa, ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin gari, har maƙeran Zinder suka zuba igwa da hannunsu, abin da ba kasafai ake samu ba a ƙasashen Sudan ta tsakiya a wancan zamani. Bindigogin kuma ya danƙa su a hannun bayinsa, waɗanda ba su da wani uban gida sai shi, kamar yadda Nobunaga ya danƙa nasa a hannun talakawa. Da wannan ƙarfi Damagaram ta tabbatar da ikonta a kan maƙwabta irin su Mirriya da Dungas da Washa, ta haɗiye Muniyo, ta kuma fara ɗaga wa Borno kai.

Ba a samun bindiga da ruwan sama. Zinder tana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Ghat da Agadas, ya sauka Kano. A unguwar Zango, a wajen ganuwa, fatake Larabawa da Abzinawa suke sauke kaya. Daga arewa ake kawo makamai da tufafi da takarda. Daga kudu ake fitar da fatu da gashin jimina da kuma mutane. Bature ɗan Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851, ya rubuta yadda ake fita harin kama bayi ana komowa da su cikin gari. Wannan ɓangare na labarin ba ya shiga kirari, amma shi ya biya kuɗin wani kaso na ganuwa da igwa.

Ƙarshen barade a ƙasashen biyu ya zo a cikin ƙarni ɗaya, ta hanyoyi daban. A Japan, bayan jiragen yaƙin Amurka sun tilasta buɗe tashoshin ruwa daga 1853, masu mulki sun sami sararin sake gina ƙasa da kansu. Gwamnatin Meiji ta hau a 1868, ta hana samurai yawo da takobi a 1876, kuma a 1877 sojojinta, waɗanda galibinsu 'ya'yan manoma ne, suka murƙushe tawayen Saigo Takamori. Japan ce ta sauke baradenta da hannunta.

Damagaram ba ta sami wannan sarari ba. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani ga mafi yawan Afirka, a daidai lokacin da rundunonin Turawa suke ɗauke da bindiga mai harbi a jere. Sarki Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, wanda ya hau a 1893, yana da ƙarfin da ya kai yaƙi ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A watan Mayu na 1898 aka kashe hafsan Faransa Cazemajou a Zinder. A ƙarshen Yuli na 1899 rundunar Faransa, wadda yawancin sojojinta 'yan Afirka ne, ta ci Damagarawa a Tirmini, yamma da birnin, kuma a watan Satumba aka kashe Kuran Daga. Igwar Tanimun ta tsufa cikin shekara 15 da rasuwarsa. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin ƙulla tawaye, kuma ba a mayar da sarautar ga gidan ba sai 1923.

Bayan samurai sun ƙare ne aka fi yi musu ado. Littafin Bushido, wanda Nitobe Inazo ya rubuta da Turanci a ƙarshen ƙarni na 19, ya gabatar da su ga duniya a matsayin masu ɗa'a da riƙon amana. Finafinan Kurosawa, musamman na samurai bakwai na 1954, suka ɗora a kai, sannan wasannin bidiyo suka gada. Kowace sabuwar na'ura tana sake miƙa wannan hoto ga sababbin yara, har ya kai shagunan wasa na biranen Sahel.

Damagaram ma ba ta rasa masu tuna ta ba. André Salifou, haifaffen Zinder, ya wallafa tarihin daular a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Fim ɗin Mahamane Bakabé na 1982, Si les cavaliers, ya ɗauko rikicin 1906, kuma sunansa kansa kewar barade ne. A hawan Sallah dawakai suna fitowa da adonsu a ƙofar fada, a wasan kara kuma matasan gari suna kwaikwayon masu mulki da kayan karan dawa. A nan ma doki ne ya fi zama a ido. Maƙerin igwa da bawan da ya riƙe bindiga sun fi saurin ɓacewa.

Wata rana wani zai ɗora labarin Damagaram a kan na'ura, ko ɗan gida ko baƙo. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗauko samurai a sa masa rawani da lifidi. Amma tarihin Zinder ya fi haka faɗi, domin yana da ayari da kasuwar Zango, da maƙera, da ƙauyukan da aka kai wa hari, da kuma ranar Tirmini. Idan aka bar waɗannan a waje, yaron da ya riƙe na'urar zai san yadda barde yake sara, ba zai san abin da ya ɗaga daular ba, balle abin da ya kayar da ita.