Daga Layukan Daɓe Zuwa Allon Wasa: Tarihin Wasannin Kwamfuta a Jinyar Cutar Parkinson

A shekarar 1817 wani likita a birnin Landan, James Parkinson, ya wallafa ɗan littafi a kan mutum shida masu fama da karkarwar hannu da tafiya a duƙe kamar za su kifa. Uku daga cikinsu a kan titi kawai ya gan su. Bayan fiye da shekara hamsin, Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière da ke Faris ya laƙaba wa cutar sunan Parkinson. Charcot ya lura cewa majinyatansa kan sami sauƙi bayan doguwar tafiya a jirgin ƙasa ko keken doki, har ya sa aka ƙera musu kujera mai jijjiga. Kujerar ba ta yi ƙarko ba, amma ta bar tambaya: me ya sa abin da ke zuwa daga waje yake kwance jikin da cutar ta ɗaure?

A 1960 masu bincike a Biyana suka gano ƙarancin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwar masu cutar, kuma a 1967 George Cotzias ya nuna cewa maganin lebodofa na tayar da waɗanda suka daɗe a kwance. Sai dai maganin bai cika hana faɗuwa ba, bai kuma cika magance daskarewar ƙafa ba, wato mutum ya tsaya cak a bakin ƙofa kamar an kafe shi. A wannan shekarar ce likitan Birtaniya James Purdon Martin ya bayyana cewa idan aka ja layuka a daɓe, wanda ya kasa ɗaga ƙafa sai ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Cutar tana lalata sashen ƙwaƙwalwa mai tafiyar da motsin da ake yi ba tare da tunani ba. Idan ido ko kunne ya ba da ishara, sai umarnin ya bi wata hanyar. Wasan kwamfuta kuwa ishara ce zalla: ga abu ya taso, kauce, ga sauti, taka.

A 1998 wani bincike a asibitin Hammersmith na Landan ya nuna ƙwaƙwalwa na sakin dofamin yayin wasan bidiyo. A kan lafiyayyun mutane aka yi shi, abin da masu zumuɗi kan manta.

Abin da ya sauya lamarin daga kasuwa ya fito. Kamfanin Nintendo ya fitar da Wii a 2006, sannan allon Wii Fit da ake tsayawa a kai yana auna karkatar jiki. Microsoft ya biyo da Kinect a 2010. Likitocin gashin ƙashi suka sami na'ura mai araha da majinyaci zai iya ajiyewa a falonsa. Gwajin da aka yi a São Paulo ta Brazil a 2012, da majinyata 32, ya rage zumuɗin: masu wasa da masu atisayen da aka saba duk sun inganta, ba wanda ya tsere wa wani.

Amfanin wasan ya fi fitowa ta wata fuskar. Wannan cuta tana kashe himma kamar yadda take ɗaure gaɓoɓi, don haka majinyaci kan fara atisaye ya watsar. A 2019 ƙungiyar Bas Bloem ta Jami'ar Radboud da ke Holan ta wallafa gwajin mutum 130. Rabinsu sun yi wata shida suna tuƙa keken motsa jiki a gida, sau uku a mako, gaban allo mai nuna hanyoyi da tsere. Sauran suna miƙe gaɓoɓi kawai. Masu keken sun fi da tazarar maki 4.2 a ma'aunin alamomin motsi. Yabon na gumin da aka zubar ne, aikin allon shi ne hana mutum sauka daga keken.

Kamfanonin kuwa ba su jira likitoci ba. Kafin a wallafa wannan sakamako, Nintendo ya daina ƙera Wii, Microsoft kuma ya dakatar da Kinect a 2017, aka bar ɗakunan gashin ƙashi suna lallaɓa tsofaffin na'urorin da ke hannunsu.