Daga sojojin dalma zuwa motar kara: tarihin ƙananan mutum-mutumi na wasa

1/ Jama'a, kun san akwai manya masu gemu a Turai da ke kwana suna fentin mutum-mutumin da bai kai ɗan yatsa ba? Ku biyo ni, labarin zai dawo da mu gida.

2/ A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, Reisswitz, ya gabatar da Kriegsspiel: a shimfiɗa taswira, ana tura 'yan gutsattsari a matsayin rundunoni don koyon dabarun yaƙi. Dara ce ta sojoji.

3/ A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki. Dalma ta ragu, farashi ya sauko. A 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da Little Wars, littafin dokokin wasa da su.

4/ Dodanni sun shigo daga baya: Dungeons & Dragons a Amurka, 1974; Citadel Miniatures a Ingila, 1979; Warhammer, 1983. Tsayin mutum ɗaya kamar milimita 25 zuwa 28.

5/ Aikin fa? A fara da fentin shimfiɗa, a bi da launuka, a zuba tsinkakken fenti mai duhu ya kwanta a lunguna, sannan a shafa buroshi kusan busasshe don ƙyalli. Gindin da yake tsaye a kai kuma a manna yashi da ciyawar roba.

6/ Tsofaffin akwai dalma a cikinsu, shi ya sa a shekarun 1990 kamfanoni suka sauya ƙarfe. Mu ba sai an faɗa mana illar dalma ba: gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

7/ To mu fa? Daga Funtua zuwa Malumfashi, da an gama girbin dawa kara ya samu. Yara su ɓare shi, su soka ɓawon cikin totuwa, sai ga mota har da tayoyi, irin manyan motocin ɗaukar auduga. Ga dokin kara, ga shanun laka, 'yan mata na yi wa 'yar tsana kitso.

8/ Manya kuma na gindin bishiya da dara: gurbi 30, wannan da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12.

9/ Bambancin ɗaya ne. Nasu an rubuta dokoki, an adana, har gidan baje koli suke da shi a Nottingham. Namu akuya ta ci, damina ta narkar, robar kasuwa ta maye gurbi. Hannun da ya iya kuma yana tsufa.

10/ In ka je gida hutun nan, ka sa kawunka ya haɗa maka motar kara, ka ɗauki bidiyo tun daga ɓarar farko. A garinku me kuke ƙerawa, kuma yaya kuke kiransa?