Tarihin Littattafan Soyayya a Ƙasar Kano da Waɗanda Suka Cancanci a Miƙa wa Matasa



An nemi in yi magana a kan littattafan soyayya, watau ƙagaggun labaran nan da matasanmu suka fi karantawa, in kuma faɗi waɗanda nake ganin sun cancanci uba ko malami ya miƙa wa yaro. Kafin in kai ga wannan sai na bi tarihinsu, domin ba a yi wa abu shaida sai an san asalinsa. Zan riƙa jingina maganata da Gaya da Ajingi, saboda a wannan yanki na gabashin Kano na fara aikin koyarwa, a can kuma na fara ganin abin da littafi yake yi wa yarinyar da ba ta taɓa shiga laburare ba.

Soyayya ba baƙuwa ba ce a rubutun zube na Hausa. Daga cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta buga bayan gasar da Dokta East ya shirya a 1933, akwai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, wanda tushen labarinsa shi ne yadda mai dukiya ya raba saurayi da budurwarsa, da ramuwar da ta biyo baya. Amma an yi shekaru kusan hamsin wannan jigo bai sami magada da yawa ba, sai a 1980 da Kamfanin NNPC ya fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Waɗannan duka littattafan kamfani ne, masu edita da tsari, kuma ta hanyar makaranta suka fi isa ga mai karatu.

Abin da ya canja al'amarin abu uku ne da suka zo kusa da juna. Na farko shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wanda ya kai aji da allo har ƙauyukan da ba su taɓa ganin makarantar boko ba. Na biyu Hukumar Ilmin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, wadda ta koya wa matan aure da 'yan kasuwa karatu da rubutu da Hausa. Na uku kuwa matsin tattalin arzikin da ya tsananta daga 1986, wanda ya karya ƙarfin manyan kamfanonin ɗab'i. Sai aka wayi gari ga ɗimbin mutane sun iya karatu, ga shi babu abin karantawa da ya dace da rayuwarsu. Wanda ya gama firamare a Ajingi ya iya haɗa baƙi da wasali, amma in ya karance Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi, to ya kusa ƙure abin da zai samu.

Wannan giɓi ne marubuta suka cike da kansu. Mutum ya rubuta labarinsa, ya nemo kuɗi, ya kai wa mai ƙaramar maɗaba'a, ya kuma ɗauki kayansa ya kai wa 'yan littattafai na bakin Bata da kasuwar Sabon Gari. Ana yawan ambaton Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a matsayin wanda ya buɗe wannan ƙofa a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya a 1987, sa'an nan a farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito, ya yi farin jinin da ba a saba gani ba. Marubutan suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya don taimakon juna wajen bugu da sayarwa.

To, ta yaya littafin da aka buga a birni yake isa Gaya? Masu tarihi sun ce mutanen farko da suka zauna a gindin Dala maƙera ne daga Gaya, waɗanda suka tafi neman tama. Littattafan nan hanyar suka biyo, sai dai sun juyo ta: daga Kano su ratsa Wudil a cikin jakar ɗan tireda ko ɗalibar da ta dawo hutu. Kaɗan ne suke saye. Galibi haya ake yi ko aro, kuma da yake ana raba labari kashi na ɗaya da na biyu da na uku, sai ka tarar kashi ɗaya yana wannan gida, ɗayan yana wata unguwa, ana aiken yara su karɓo. A gidan da mace ɗaya ce ta iya karatu, ita za ta riƙa karantawa a bayyane bayan sallar isha'i, sauran suna saurare suna sa baki. Ni kaina, ina sabon malami, na ƙwace irin waɗannan littattafai da dama daga ƙarƙashin tebur, na tara su a ofis da niyyar ƙonawa. Allah bai nufa ba, na ɗauki ɗaya na karanta. Daga baya na lura cewa yaran da na fi kamawa da su, su ne suka fi kowa iya rubuta insha'i.

Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. A Sifaniya an yi wata marubuciya, Corín Tellado, wadda aka haifa a 1927 ta rasu a 2009. Ta fara buga labaran soyayya a 1946, ta kuma bar fiye da dubu huɗu, 'yan ƙanana masu araha, waɗanda ake sayarwa a rumfunan jarida a kuma yi musayarsu hannu da hannu. A 1962 hukumar UNESCO ta bayyana ta a matsayin marubuciyar da aka fi karantawa da Sifaniyanci bayan Cervantes. Duk da haka masana adabin ƙasarta sun daɗe suna ɗauke kai daga gare ta, masu tace littattafai na zamanin Janar Franco kuma suna maido mata da rubutu don ta gyara. Mata da 'yan mata da yawa a Sifaniya da Kudancin Amurka a littattafanta suka saba da karatu. Wanda ya san labarinta ba zai yi mamakin abin da ya sami namu ba.

Namu kuwa suka suka sha tun daga farko. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana nufin kayan yayi ne da ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, aka yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990. An zarge su da kwaikwayon finafinan Indiya, da koya wa 'ya'ya mata bijire wa iyaye, da rashin bin ƙa'idar rubutu. Zargi na ƙarshe gaskiya ne, ba na musu. Akwai littafin da za ka karanta shafi guda ba ka ga aya ba. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta shirya ƙona wasu littattafai a wata makarantar 'yan mata. Amma zargin bijirewa yana bukatar a sake dubawa, gama abin da mafi kyawunsu suka yi magana a kai shi ne auren dole, da cire yarinya daga makaranta, da sakin wulaƙanci, kuma ba marubuta ne suka kawo waɗannan cikin garuruwanmu ba.

Saboda haka idan aka tambaye ni wanda zan fara miƙa wa ɗaliba 'yar shekara 15 a Gaya ko Ajingi, sai in ce Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990. Labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta, saurayinta ya guje ta don ba ta da ilmi, aka ɗaura mata aure da tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Marubuciyar ta san abin da take faɗa, don ita ma an katse mata karatu an aurar da ita tana ƙarama, sai a ajin manya ta ci gaba. Zan so uban yarinyar ma ya karanta shi, ko a karanta masa. Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne, nata dai, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta riƙe su da sayar da abinci. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. Samari ya fi kamata su karanta wannan, tun kafin su zama masu gida.

In Da So Da Ƙauna ma ina ba da shi, amma da sharaɗi. Labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad talaka yana nuna wa yaro cewa mutunci ba a aljihu yake ba, sai dai akwai wurin da Sumayya ta faɗa rijiya saboda baƙin cikin auren da ba ta so, kuma wannan wuri bai kamata malami ya bar yaro ya wuce shi ba tare da an tattauna ba. So Aljannar Duniya gajere ne, Hausarsa mai daɗi, ya dace da mai farawa. Wanda yake son ganin jarumai mata masu ilmi da addini sai ya nemi Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Matsalar ita ce samun su. Yau labaran soyayya sun koma cikin waya, ana rarraba su shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana sauraronsu a YouTube, babu edita, babu ma ɗan littattafan da a da yake jin nauyin ɗora batsa a kan teburinsa. Akwai nagari a cikinsu, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna haka, amma uba ba ya ganin bangon abin da 'yarsa take karantawa. Tsofaffin kuwa a takarda mara ƙarfi aka buga su, gara da damina sun ci rabonsu. Graham Furniss da abokan aikinsa sun tattara ɗaruruwansu a Jami'ar Landan, suka kuma buga jerin sunayensu a 2004, alhali ɗalibin da ke Gaya zai sha wuya kafin ya haɗa kashi ukun littafi guda.

Don haka ina roƙon ɗalibanmu na Gaya da Ajingi, in kun je hutu ku tambayi iyayenku mata da gwaggwanninku, su duba ƙasan adaka da akwatunan aure. Duk wanda kuka samu, ko bango ya cire, ku karɓo ku kawo laburaren sashen Hausa, ku kuma rubuto garin da aka same shi da shekarar da mai shi take tunawa ta fara karanta shi.