Labarin Hanyar Kudu Da Duwatsun Ƙasar Zazzau

Wanda ya fita birnin Zariya ta Ƙofar Gayan ya nufi kudu, da fari ba ya ganin kome sai fili shimfiɗe, da gonakin dawa, da itatuwan ɗorawa da kaɗanya, da rimaye tsaye a bakin garuruwa. Sai ya yi kwanaki yana tafiya, ya ƙetare Kogin Kaduna, sa'an nan ƙasa ta soma tashi. Duwatsu su yi ta ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, har ya iske kansa tsakanin duwatsun Kauru da na Kajuru, can gaba kuma ga na Kagoro sun tokare sama. Wannan hanya ita ce fatake suka bi, da mayaƙa, da jakadu, daga baya kuma ma'aikatan En'e masu rangadi. Rabin labarin Zazzau a kanta ya ke.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, Zazzagawa su kansu daga gindin dutse suka fito. Masu ba da labari sun ce a Turunku sarauta ta zauna, kudu da birnin yanzu, inda har wa yau a ke ganin kufai da ragowar ganuwa a jikin duwatsu. Bakwa Turunku, wanda a ke lissafin sarautarsa wajen 1536, a zamaninsa aka matso arewa zuwa Dutsen Kufena, garin kuwa ya ci sunan 'yarsa Zariya, ƙanwar Amina. Dalilin zaɓen wurin ba ɓoyayye ba ne. Dutse yana ba da wurin tsinkayar abokan gaba tun suna nesa, gindinsa ba ya rasa ruwa, mutanen dā kuma sun ɗauka mazaunin iskoki ne. Da ƙarfi ya samu, sai ganuwar ƙasa ta maye gurbin dutse.

Ran da ganuwa ta kasa, dutse aka koma nema. Sa'ad da Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an ce Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi bayan gari aka auka masa, bai sami komawa fada ba. Ya yi kudu da jama'arsa, ya bi ta Kauru da Kajuru, har ya sauka Zuba kusa da Dutsen Zuma. Ƙanensa Abu Ja shi ya kafa garin Abuja a 1828, watau garin da a ke kira Suleja yanzu, tun da aka ba babban birnin Nijeriya sunan. Ashe sarautar Haɓe ta Zazzau ba ta mutu ba, duwatsun kudu ne suka ɓoye ta.

Amma fa Makau baƙo ne a can. Duwatsun suna da masu su tun kafin a san Zariya: Kadara, da Kurama, da Gure, da Kahugu, da Cawai, da Katab, da Kaje, da Jaba, da Kagoro, da Gwari. Waɗannan sunayen da Hausawa suka sa musu ne, yawancinsu kuwa suna da nasu, su ne kuma suka fi so a kira su da su. Kadara su ne Adara, Katab Atyap, Kaje Bajju, Jaba Ham, Gwari Gbagyi. Kowace kabila da harshenta da dodonta da bukukuwanta. Sukan jera duwatsu su tare ƙasa a jikin tudu don kada ruwa ya kwashe ta, su shuka acca da dauro a 'yan wuraren da Bahaushe ba zai ko kai fartanya ba. Sukan kewaye gari da shingen ƙerana, su bar ƙofa ɗaya ƙunƙunta, wadda doki ba ya shiga sai an sauka.

Ƙofar nan ita ce ke faɗin gaskiyar zaman. Ba don sha'awa mutum ke ɗaukar tulu ya hau dutse kullum safiya ba. Tsoron hari ne. A zamanin Haɓe da na Fulani duka, rundunar Zazzau takan fita da rani ta nufi kudu, ta komo da bayi, a cika rumada da su, a kai waɗansu Sakkwato cikin gaisuwa. Garuruwan da ke bin Zazzau, irin su Kauru da Kajuru da Lere, da Jama'a da Keffi da Nasarawa, bayi na cikin abin da su ke aikowa. Waɗansu kabilu suka karɓi amana suna biyan jizya don a ƙyale su. Kagoro kuwa suka ƙi, suka shige kogunan dutsensu, ba a taɓa cin su ba sai da Turawa suka zo da bindigogi. Wanda ya ba da labarin hanyar kudu ya tsallake wannan, bai ba da shi daidai ba.

Duk da haka ba kullum a ke yaƙi ba. Fatake suna wucewa da jakuna, ɗauke da kanwa da gishiri da tufafi, suna sauka a zango-zango, daga nan ne ma Zangon Katab ya sami sunansa. Wani Bature mai suna Richard Lander ya bi hanyar a 1827, bayan maigidansa Clapperton ya mutu a Sakkwato. Ya taso daga Kano yana so ya kai Kwara ta kudu, ya ratsa ƙasar Katab, ya yi mamakin yawan ƙauyukanta da cikar kasuwarta. Ya kai Daroro, sai ga mahaya daga Zariya, suka ce Sarki na kiransa. Tilas ya juyo. Wannan ya nuna iyakar inda hannun Sarkin Zazzau ke kaiwa a zamanin Yamusa: a kan hanya maganarsa ta isa, a kan dutse kuwa sai yadda hali ya yi.

Da Turawa suka shiga Zariya a 1902 aka hana hari, sai tafiyar ta sake kama. Maimakon barde da mashi, sai malamin haraji da takarda, da alƙali, da ɗan doka, da malamin daji, da mai allurar shanu. Aka tura hakimai su zauna cikin gundumominsu. Sarkin Zazzau Ja'afaru, kafin ya hau gado a 1937, ya daɗe yana hakimcin Zangon Katab. Aikin bai zo da sauƙi ba, gama mutumin da aka kama kakansa ba ya saurin yarda da jikan wanda ya kama shi, ko da ya zo da sallama. Malami kan kwana gindin dutse yana jiran a sauko a ƙirga, a wayi gari ya tarar maza sun watse. A hankali dai mutane suka riƙa saukowa suna gina gidaje kusa da gonaki da kasuwa, aka bar tsofaffin garuruwa a sama sai kufai da duwatsun niƙa.

Jirgin ƙasa ya ƙara gajarta ƙasar. Ƙaramar hanyar dogo da ta tashi daga Zariya ta bi ta Soba da Rahama ta kai Bukuru a 1914 saboda kuza, aka rufe ta a 1957. Haƙar kuzar nan kuma ita ta tono abin da ba wanda ya zata. A 1928 aka sami wani gunki na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok cikin ƙasar Jaba. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg a Jos wani kan mutum irinsa daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya ya yi mutum-mutumi da shi. Da masana suka auna, suka tarar aikin ya fi shekara 2,000, masu shi kuma sun san narkar da tama.

En'e ta ƙare da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, yawancin kabilun kudu kuma sun sami sarautunsu na kansu daga baya. Kagoro suna yin bikinsu na Afan ran ɗaya ga Janairu, mafarauta su sauko daga dutse da ƙaho da kwari da baka, baƙi su taru daga nesa su yi kallo.