Ba Tsani Ɗaya Suke Hawa Ba: Nazarin Kalmomin Ingilishi Masu Nuna Aukuwar Abu Jefi-jefi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kalmomi irin su *occasionally*, *seldom*, *rarely*, *periodic*, *intermittent* da *sporadic*. Hujjarta ita ce, jera su bisa kashi cikin ɗari, kamar yadda aka saba a darasin Ingilishi, yana rufe abubuwa biyu da suka fi adadi nauyi: matsayin mai magana, da salon da abin yake zuwa.

Gabatarwa

Duk wanda ya koyi Ingilishi a aji ya san tsanin nan da malami kan zana a allo: *always* a ƙololuwa da kashi 100, *never* a ƙasa da sifili, sauran a tsakani, kowace da nata rabon. Babban littafin nahawun Randolph Quirk da abokan aikinsa na 1985 ya fi wannan taka-tsantsan. Ya raba bayanau masu ƙayyadadden lokaci, irin su *daily*, da marasa shi, sannan ya ware wa masu ƙarancin aukuwa rukuninsu. To amma zama rukuni ɗaya ba ya nufin ana iya cire wata a dasa wata a gurbinta.

Abin da awo ya nuna

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna ƙoƙarin liƙa wa waɗannan kalmomi lamba. Ray Simpson a 1944 ya nemi mutane su faɗi sau nawa cikin ɗari kowace kalma take nufi a wurinsu, Milton Hakel kuma ya maimaita gwajin a 1968. Jerin bai sauya sosai ba, amma tazarar da ke tsakanin amsar wannan da ta wancan tana da faɗi. A 1974 Pepper da Prytulak suka nuna cewa lambar tana bin abin da ake magana a kai. Wannan ba ya buƙatar doguwar muhawara. Garin da ambaliya ke ci duk bayan shekara biyu, za a ce tana cin sa *frequently*. Ɗalibin da ya shiga aji sau goma a zango guda, za a ce yana zuwa *rarely*. Goma ta fi ɗaya, amma abin da ake tsammani ne ma'auni.

Korewa a ɓoye

*Seldom* tsohuwar kalma ce tun daga Ingilishin farko, *rarely* kuwa tushenta Latin ne. Dukansu biyun korewa suke ɗauke da ita, ko da yake babu *not* a jikinsu. Gwaje-gwajen da Edward Klima ya fitar a 1964 sun tabbatar da haka. Ana cewa *She seldom travels, does she?* amma *She occasionally travels, doesn't she?* Ana cewa *He rarely buys anything*, ba a cewa haka da *occasionally*. Idan kuma aka fara jimla da ɗayarsu, sai aikatau mataimaki ya riga suna: *Rarely do we get rain in January.*

Saboda haka mutum biyu na iya ganin abu guda, adadi guda, ɗaya ya ce *occasionally*, ɗaya ya ce *rarely*. Na farko yana cewa abin yana faruwa. Na biyu yana kukan ƙarancinsa. Mai jin Hausa yana da sa'a a nan, domin harshensa ya fito da korewar fili: "yakan zo lokaci-lokaci" daban, "ba kasafai yake zuwa ba" daban. A ganina, malamin da ya fara daga nan ya fi mai zanen tsani kusa da gaskiyar nahawun.

Salon zuwan abu

Sifofi uku ne suka fi shan wahala a hannun masu koyo, kuma babu wadda ta ginu a kan adadi cikinsu.

*Periodic*, daga kalmar Girkanci mai nufin kewayawa, tana nufin abin da ke dawowa bisa ƙa'ida. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley takan bayyana kusan duk shekara 76. An gan ta a 1986, ana sa ran ta a 2061. Da wuya mutum ya gan ta sau biyu, amma an san lokacinta.

*Intermittent* daga Latin take, kuma ruhinta shi ne tsayawa da ci gaba: abu ɗaya ne da ke yankewa ya dawo. Likitocin da suka gabata sun kira zazzaɓin cizon sauro da wannan sifa, domin wani nau'insa yakan taso duk bayan awa 48, wani duk bayan awa 72, jiki ya yi sanyi a tsakani. Ruwan sama da ya wuni yana saukowa yana ɗaukewa *intermittent* ne, alhali ba wanda zai ce ya yi ƙaranci a ranar.

*Sporadic* ta fi su zurfi. Asalinta Girkanci ne, daga tushen da ke nufin watsa iri, kuma ta shigo Ingilishi a ƙarni na 17 ta ƙofar likitanci. Har yau a ilimin yaɗuwar cututtuka tana nufin cutar da ke ɓulla ɗaiɗai, ba tare da alaƙa tsakanin masu ita ba; kusan kashi 85 cikin ɗari na masu cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob wannan nau'in ne ke kama su. Ita kaɗai ce cikin ukun ke nuna warwatsuwa a wuri, ba a lokaci kawai ba: nan ɗaya, can ɗaya, babu tsari.

A nan ne Ingilishin jaridun Najeriya ya kama tasa hanyar. Rahoton hari yakan ce 'yan bindiga sun shigo *shooting sporadically*, marubucin kuwa yana nufin ruwan wuta ta ko'ina, wato harbin kan mai uwa da wabi. Mai karatu a Ingila zai fahimci akasin haka: harbi jefi-jefi, da shiru a tsakani. Ba ƙaramin abu ba ne, tunda rayuka ake ba da labarinsu, kuma mai fassara zuwa Hausa dole ya san daga wace jarida labarin ya fito kafin ya zaɓi kalma.

Sifar *occasional* ma tana da nata abin mamaki, wanda Dwight Bolinger ya lura da shi a 1967, Gregory Stump ya faɗaɗa a 1981. A jimla irin *An occasional lorry passed*, sifar tana manne da mota, amma wucewar take siffantawa.

Inda aka tilasta wa kalma lamba

Takardar bayanin da ke cikin kwalin magani ita ce wurin da aka ɗaure waɗannan kalmomi da igiyar lissafi. A tsarin Tarayyar Turai, illar da aka kira *uncommon* tana samun tsakanin mutum 1 cikin 1,000 zuwa 1 cikin 100. *Rare* tsakanin 1 cikin 10,000 zuwa 1 cikin 1,000. *Very rare* ƙasa da 1 cikin 10,000. Binciken Berry da Knapp da Raynor na 2002 ya gano cewa masu karanta kalmomin kaɗai suna ƙiyasta haɗarin fiye da yadda yake nesa ba kusa ba, kuma waɗannan masu jin Ingilishi ne. Irin wannan takarda ce ake miƙa wa majiyyaci a kemis a Kano ko Zariya, ma'aikacin lafiya ya juya masa ita da baki. Gwajin da ya kamata a yi yanzu shi ne a ba masu jin Hausa "jefi-jefi" da "ba safai ba" da "can ba a rasa ba", a tambaye su mutum nawa cikin dubu suke jin ana nufi.